Yadda za ka zaɓi kala huɗu kacal ka yi zanen fentin mai da su, da yadda za ka gyara in sun gaza

Lokacin da na fara zane da fentin mai, kuɗin da na tara na wata da watanni na kwashe na yi saƙon akwatin nan mai tub 24 daga Kano, ina ganin ai shikenan na zama gwani. Wallahi duk zanen da na yi a shekarar nan kala ɗaya yake ƙarewa, wata irin kala kamar kunun kanwa da ya kwana. Sai na ɗebo wannan na ɗebo wancan na zuba wuri guda, in bai yi ba in ƙara wani, kafin ka ce kwabo komai ya zama taɓo. Wani dattijo mai zane da nake zuwa wurinshi ne ya kwashe tub 20 ya zuba a leda ya rataye a ƙusa, ya ce in dawo in karɓa bayan wata uku. Har yau rabinsu ban buɗe ba. To abin da na koya tun daga lokacin shi zan shimfiɗa maka nan, ƙanena, kai da ke son farawa.

Kayan da za ka tanada

Da farko fentin kanshi. Ka kula, fentin mai na masu zane a tub yake zuwa irin na makilin, ba wanda ke cikin gwangwani ba. In ka shiga kasuwa nan Sakkwato ka ce fentin mai, wanda ake shafa wa ƙyaure da taga za a miƙo maka, wancan daban ne, ruwa-ruwa ne, bushewa yake da wuri kuma ba ya haɗuwa yadda kake so. Na masu zane sau da yawa sai an yi saƙo daga Kano, Zariya ko Legas. Winton da Georgian suna da kyau ga mai koyo, Marie's ya fi araha kuma shi ma ana aiki da shi. Farin ka sayi babba mai 200ml don shi ke fara ƙarewa, sauran ƙananan masu 37ml ko kusa da haka sun isa.

Sai faranti na haɗa kala. Ni gilashi nake amfani da shi, na je wurin masu yanka gilashin taga sunka yanko min mai kauri, na liƙe gefen da salatif don kar ya yanke ni, na shimfiɗa takarda ruwan toka a ƙarƙashi. In babu, tayil guda ɗaya mai santsi ya wadatar. Farin faranti yana yaudarar ido, duk kalar da ka haɗa a kanshi sai ka ga ta yi duhu fiye da yadda take.

Wuƙar haɗa fenti, ƙaramar nan mai lanƙwasa kamar cokalin magina. Wagga ba a wasa da ita. In ba ka samu ba ka nemi tsohuwar wuƙar tebur marar kaifi. Buroshi uku zuwa biyar masu gashi mai tauri, man linsid ƙaramar kwalba, wato man da ake sassauta fenti da shi, tafentain ko farin sifirit na wanke buroshi, tsummoki masu yawa, sabulun wanki, da kwali ko falwud da ka shafa wa farin share fage wato jeso sau biyu. In jeso ya gagara, farin fentin ruwa na bango da ɗan farin gam na kafinta yana yi don gwaji kawai, ba don aikin da za ka sayar ba.

Gargaɗi tun yanzu: kar ka kuskura ka sa man gyaɗa ko man girki a madadin linsid. Ba ya bushewa, ko shekara zanen ya yi zai riƙa manne wa hannu yana kwasar ƙura. Kananzir kuma in dole ta sa, a wanke buroshi da shi kawai sannan a bi da sabulu, kar ya shiga cikin fenti.

1. Ka fara duba abin da za ka zana kafin ka taɓa tub

Mutane suna zaɓen kala a shago, alhali a gaban abin da za a zana ya kamata a zaɓa. Ka fita tsakar gida ka duba garinmu da kyau. Katangar ƙasa, tulu, tabarma, jar akuya, raƙuma a Kara, rairayi, hazon hunturu da ke mayar da sama fari-fari. Kusan duka ruwan ƙasa ne, daga mai rawaya zuwa mai ja zuwa mai duhu kamar makuba. Kalar da ke da kaifi sosai kaɗan ce, ko atamfa, ko bokitin roba, ko tumatir. Don haka ka ɗauki takarda ka rubuta amsar tambaya uku. Mi ya fi komai haske a wurin, mi ya fi komai duhu, kuma wace kala ce ta fi kaifi. Ta ukun ita za ta gaya maka ko huɗun da zan ba ka sun isa ko sai ka canza ɗaya.

Don koyo ka ajiye tulu ɗaya da ƙwarya a kan tabarma cikin inuwar zaure, inda haske ke shigowa ta gefe guda. Ba sa motsi, ba sa gajiya.

2. Zaɓen huɗun

Waɗanda nake ba kowane mai koyo ke nan, da sunan da za ka gani a jikin tub: Titanium White, Yellow Ochre, Burnt Sienna, Ultramarine Blue. Daga nan zan riƙa ce musu fari, oka, siyena da shuɗi.

Oka ba wani abu ba ne illa ƙasa mai tsatsar ƙarfe a ciki, rawayarta a kwance take ba ta ihu. Siyena ita ma ƙasa ce, sunanta daga garin Siyena na Italiya, an gasa ta ne ta koma ja, daidai yadda tulu ke shiga wuta da kalar yumɓu ya fito ja. Shi ya sa in ka zana tulu da siyena sai ka ga kamar daga jikinshi anka kankaro kalar. Shuɗin nan kuwa da can daga wani dutse mai tsada na Afganistan ake niƙo shi, sai a 1828 anka tabbatar da hanyar haɗa shi a masana'anta a Faransa, ya yi araha. Bular da iyayenmu ke sa wa farin kaya ma danginshi ce, amma kar ka ce za ka kwaɓa ta da mai, akwai wasu abubuwa gauraye a ciki.

Za ka ji ana yawan maganar jerin kalolin Zorn. Anders Zorn mai zane ne ɗan ƙasar Suwidin, an haife shi 1860 ya rasu 1920, kuma an san shi da fari, oka, ja mai kaifi da baƙi. Dabarar ita ce baƙin in an sa mishi fari yana komawa toka mai sanyi, in ka ajiye ta kusa da ja sai ido ya ɗauka shuɗi ne. Yana da kyau ƙwarai a cikin ɗaki. Amma ni a ganina bai dace da mai koyo a nan ba, don da shi ba za ka samu saman bayan ruwan sama ba, ba za ka samu shunin rawani ba, kuma mai koyo in ka ba shi baƙi a tub to duk inuwa da shi zai yi ta, zanen ya fito kamar an shafa gawayi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

3. Karanta bayan tub

Sunan gaba talla ne, gaskiyar tana baya. Akwai ƙananan lambobi: PW6 shi ne farin titaniyam, PY43 ko PY42 oka, PBr7 siyena, wasu kamfanoni kuma PR101 suke sawa, PB29 shuɗinmu. Abin da kake nema tub mai lamba ɗaya. In ka ga lamba uku ko huɗu jere, to an riga an gauraya, kai kuma ka zo ka ƙara gaurayawa, nan taɓo ke farawa. Farin da anka rubuta PW4 shi kaɗai, wato na zinki, ka bar shi, ba ya rufe abin da ke ƙasa sosai kuma yana tsagewa in ya tsufa. In tub ɗin mai arha ne babu lamba ko ɗaya, ba laifi, yi aiki da shi, allon gwajin kala na mataki na 5 zai tona asirinshi.

4. Jera su a faranti

Ka matso fenti a gefen sama, fari a ƙarshe ɗaya, sai oka, sai siyena, sai shuɗi, daga haske zuwa duhu. Kullum haka, kar ka canza, har hannunka ya riƙa zuwa da kanshi ba sai ka duba ba. Tsakiyar faranti a bar ta fili don haɗi. Kuma don Allah ka matso da ɗan yawa, kamar girman ƙwayar dabino. Rowar fenti ita ke sa mutum ya riƙa tsinkawa da tafentain har zanen ya zama kamar an wanke. Da zafin bazara za ka buɗe tub ka ga mai ya fara fitowa shi kaɗai, wannan ba lalacewa ba ne, ka matsa a kan kwali na ɗan lokaci ya tsotse man sannan ka kwashe da wuƙa.

5. Allon gwajin kala

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa. Ka ware yini guda. A kan kwalin da ka shafa wa fari, ja layuka ka fitar da gidaje kamar na dara, bakwai a kwance biyar a tsaye, gida 35 ke nan, kowane kamar faɗin yatsa biyu.

Layin sama kala ce tsantsa babu fari: oka, siyena, shuɗi, sai oka da siyena, oka da shuɗi, siyena da shuɗi, na bakwai kuma dukan ukun tare. Daga nan kana sauka kana ƙara fari kaɗan-kaɗan, har gidan ƙasa ya zama kusan fari mai ɗan alamar kalar. Da wuƙa za ka haɗa, da wuƙa za ka shafa, kuma ka goge ta tas da tsumma kafin ka taɓa wata kala. In ka haɗa da buroshi fenti na shigewa gindin gashin ya ɓata maka kala ta gaba.

Doka ɗaya da za ta cece maka fenti: mai duhu ake ɗiba kaɗan a kai cikin mai haske. In ka zuba fari a kan tulin shuɗi kana neman kalar sama, sai ka ƙarar da rabin tub ba ka kai ba.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Siyena da fari na ba da kalar katangar da rana ta doka. Oka da fari rairayin bakin gulbi ne sak. Oka da shuɗi kore ne amma mai ƙura, irin ganyen dogon yaro a watan Janairu. Ka rubuta sunan haɗin da fensir a ƙasan kowane layi, ka bar shi ya bushe, ka rataye inda kake aiki. Nawa na farko yana nan har yanzu duk ya yi ƙura, kuma ina duba shi.

6. Haɗa baƙi da toka da kanka

Siyena da shuɗi kusan daidai da daidai suna ba da baƙi mai zurfi, kuma ya fi na tub rai don kana iya juya shi. Ƙara siyena ya karkata wajen wuta, wannan shi masu zane ke ce wa mai ɗumi. Ƙara shuɗi ya karkata wajen inuwa, mai sanyi ke nan. Don ka san inda ya karkata ka ɗebi ɗan kaɗan ka sa mishi fari, tokar da ta fito za ta gaya maka.

Wanga haɗi shi ne kuma na fatar mutanenmu, in kana zanen mutane. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki ruwan ƙasa a ƙara baƙi don inuwa a ƙara fari don haske, fuska ta fito kamar an shafa toka. Ka duba goshin mutum a inuwa da rana tsaka, hasken da ke kai shuɗi-shuɗi ne don sama yake ɗaukowa, ƙarƙashin haɓa kuma ja-ja ne don ƙasa ke maido haske. To goshin fari da ɗan shuɗi da ɗan siyena, haɓar siyena da oka babu fari ko kaɗan.

7. Ƙaramin zanen gwaji

Ɗauki allo ƙarami kamar tafin hannu biyu. Ka fara shafe shi duka da siyena da anka tsinka da tafentain, ka goge da tsumma ya bar ɗan ja-ja, don farin allo na hana ka ganin haske daidai. Kafin ka ɗauki buroshi ka haɗa tuli biyar da wuƙa: hasken tulu, inuwar tulu, tabarma, bango, da mafi duhu. Ka ɗebi kowanne a bakin wuƙa ka miƙa hannu saitin abin ka runtse ido kaɗan ka gwada. Tambayar farko kullum ita ce ya fi haske ko ya fi duhu, sannan ta biyu ya fi ɗumi ko sanyi. In haske da duhu sun zauna daidai, ko kalar ta ɗan kauce ba mai ganewa.

Fara da duhu, siriri, ka ƙare da haske, mai kauri. Buroshi ɗaya na duhu ɗaya na haske, kar su haɗu. Kuma in ka ajiye kala ka bar ta, yawan shafawa da komawa shi ke kashe ta.

Hattara da fari. Yana haskaka kala amma yana sanyaya ta yana kashe mata kaifi. In kana son haskaka jan tulu ka fara da oka, sai in bai kai ba ka taɓa fari.

A hasken rana cikin inuwa za ka haɗa kala, kuma lokaci guda kullum, misali daga hantsi zuwa kafin azahar. Abin da ka haɗa da dare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ko fitilar caji, da safe za ka tarar da wani abu daban.

8. Gyara jerin in ya gaza

Huɗun nan suna da iyaka, kuma ranar da ka ci karo da iyakar ka riga ka san abin da kake nema. Ƙa'idata ita ce a ƙara ɗaya ko a musanya ɗaya, ba biyu a lokaci guda ba, sannan a yi wa sabon layinshi a allon gwaji kafin ya shiga zane.

In damina ta sauka ka je wajen Kwalkwalawa kana son koren shinkafar fadama, oka ba za ta kai ka ba ko ka kwana kana juyawa. Ka ƙara rawaya mai kaifi, wadda anka rubuta Lemon Yellow ko Cadmium Yellow. Da shuɗi za ta ba ka kore mai ihu, sai ka kwantar da shi da ɗan siyena kamar kan ashana, don koren da ya fito kai tsaye daga haɗi ya cika kama da na roba.

In tumatir ne ko tattasai ko jar dara, siyena za ta yi kama da tsatsa kusa da su. Nan ja na kadmiyam ake so, PR108. Na gaskiyar yana da tsada, wanda anka rubuta Hue a gaban sunan kwaikwayo ne da wasu sinadarai, ya fi araha kuma ya ishe ka. Kar ka cire siyena don ka sa shi, in ka cire ta ka rasa baƙinka.

Albasa ita ta fi ba ni wahala. Na kwana uku a kan albasa guda huɗu ina haɗa jan kadmiyam da shuɗi, abin da ke fitowa kalar hanta. Dalili, jan yana da rawaya a cikinshi, rawaya kuma ita ke kashe shunayya. Sai da na samo ja mai sanyi, Quinacridone Rose, PV19, na taɓa shi da shuɗi, nan take ɓawon albasa ya fito. Akwai Alizarin Crimson mai lamba PR83 da ya fi samuwa, kalar ta yi amma yana koɗewa in an tsinka shi da fari kuma haske na dukanshi, ga irin ranarmu kuwa ba sai na faɗa ba.

In saman kaka kake so mai tsabta wanda ya ɗan karkata kore a ƙasa-ƙasa, akwai Phthalo Blue, PB15. Amma wanga ɗan fitina ne, ɗigo ɗaya na rine tulin fari gaba ɗaya, ya bi buroshi ya bi tsumma ya bi riga. Da bakin tsinke ake ɗibarshi. Lokacin hazo kuwa ba ka bukatarshi sam, fari da ɗan oka da ɗan shuɗinka na asali sun gama saman.

In kuma wani daga cikin huɗun ne ba ka samu ba: babu siyena, ka nemi Burnt Umber ko Light Red, na farkon ya fi duhu kuma baƙinshi da shuɗi ya fi ƙarfi, na biyun ya fi ja kuma baƙinshi ba ya zurfi sosai. Babu oka, rawaya mai kaifi da ɗan siyena da ɗan fari na ba da wani abu kusa da ita. Babu shuɗi, to ka koma jerin Zorn da baƙi har saƙonka ya iso.

Wata dabara in zanen ya watse kowace kala na jan nata: haɗa tulin toka mai ɗumi guda ɗaya ka riƙa taɓa kowane haɗi da ɗan kaɗan daga ciki. Don zanen hunturu tana aiki sosai, tunda dama ƙura ɗaya ce ta lulluɓe komai.

9. Bushewa da ajiya

Kalolin ba tare suke bushewa ba. Amba, wato Burnt Umber ɗin nan mai ruwan ƙasa, ta fi kowa sauri saboda manganis da ke cikinta, siyena na bi mata, kadmiyam da baƙin tub da fari suna jan kwanaki. Shi ya sa shafin farko ake yin shi da kalolin ƙasa, siriri, da ɗan mai kaɗan, sannan kowane shafi na sama a ɗan ƙara linsid. In ka juya, ka sa mai maiƙo a ƙasa marar maiƙo a sama, na saman zai bushe ya bar na ƙasa na motsi, sai tsagewa. Fanis kuma, wato shafin ƙarshe mai kare zanen, ba a shafawa sai zanen ya yi kamar wata shida.

Da hunturu ka jingina zanen fuskarshi na kallon bango, ka sa ɗan dutse ko katako a sama don kar ya taɓa, in ba haka ba da safe za ka tarar ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti kuma ba ta fita. Ragowar fentin faranti ka kwashe da wuƙa ka jera a cikin roba mai murfi, ka ɗiga man kanumfari a ɗan auduga ka ajiye a gefe cikin robar, yana jinkirta bushewa kwana biyu uku. Haɗe-haɗen da sunka rage ka tattara su wuri ɗaya ka juya, toka ce mai kyau ta shafin farko na zanen gobe.

Tsumman da ya sha linsid kar ka dunƙule shi ka jefa a kwali, yana iya ɗaukar zafi da kanshi har ya kama wuta, balle a watan Afrilu. Ka shanya shi a buɗe a waje ya bushe, ko ka jiƙa shi a gwangwanin ruwa. Ka buɗe taga in kana aiki da tafentain, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɓare goro musamman in ka taɓa kadmiyam, kuma tub ɗin nan a ajiye su sama inda yara ba sa kaiwa, don da makilin suke kama.